Gwanintar Mai Ɗaure Ƙafar Keke

Ka ɗauki sifok ɗin keke guda ɗaya ka duba. Siririyar waya ce wadda kaurinta bai wuce milimita 2 ba, ƙaramin yaro ma zai iya tanƙwara ta da yatsu. In ka kafa ta a ƙasa ka danna, nan take za ta lanƙwashe. Amma irin wayoyin nan guda 36, in suka faɗa hannun wanda ya san aikinsa, sai su zama ƙafar da za ta ɗauki ƙaton mutum da buhun masara a kariya, ta ratsa burji da yashi daga gona zuwa kasuwa, shekara da shekaru ba ta gaza ba. Ba kaurin ƙarfe ne ya ba ta wannan ƙarfi ba. Ɗauri ne. Ɗaurin nan kuwa aikin hannu ne, da ido, da kunne, da haƙuri, kuma shi ne ke raba gwanin gyaran keke da wanda ya iya faci kawai.

Abin da aka haɗa ya zama ƙafa

Daga waje akwai taya, cikinta kuma tib mai riƙe iska, da bawul ɗinsa. Taya tana zaune ne a kan rim, zoben ƙarfen nan da yara kan mayar gare-gare idan ya tsufa. A tsakiyar ƙafa akwai hob, cibiyar da komai ke juyawa a kanta. A cikin hob ƙarfen aksil yake, da ƙwayoyin boris da ke mirginawa cikin giris. Kowane gefe na hob yana da ɗan faifai mai huji a kewaye, ta nan ake zura sifok. Shi sifok yana da kai da gwiwa a gefe ɗaya, wurin da yake maƙalewa a faifan hob, ɗaya gefen kuma yana da zare. A kan zaren ake murɗa ɗan noti, galibi na farin tagulla don kada tsatsa ta kama shi, wanda ke zaune cikin hujin rim. A bisa kawunan notunan nan ake shimfiɗa ƙyalle ko tsirin tsohon tib, don kada su huda sabon.

Duk cikin sassan nan, ɗan notin ne ya fi ƙanƙanta, kuma a kansa gwaninta take. Zarensa siriri ne ƙwarai, juyi ɗaya cikakke ba ya jan sifok ko da rabin milimita. Saboda haka ne mai gyara yake iya matsar da rim da abin da bai kai kaurin farce ba.

Yadda waya ke ɗaukar kaya

Ƙafar amalanke ta katako tana ɗaukar kaya ne ta hanyar tokara: nauyi ya danna cibiya, cibiya ta danna sandar da ke ƙasa, sanda ta tokare ƙasa. Dole sandunan su yi kauri, dole ƙafar ta yi nauyi. Da irin wannan ƙafa Bajamushen nan Karl Drais ya fito da dokin katakonsa mai ƙafa biyu a 1817, kakan kekunan duniya.

Waya ba ta iya tokara, amma wajen ja ba a raina ta. A ƙafar da aka ɗaure da kyau, kowane sifok yana jan rim zuwa ciki da ƙarfin da ya kai wajen kilo 100. Duk suna ja lokaci guda, na dama na ja dama, na hagu na ja hagu, shi kuma rim ya matse ya tsaya cik a tsakani. Tun kafin kowa ya hau keken, ƙafar tana cike da ƙarfin da aka ajiye a cikinta.

Mutane da yawa suna zaton idan an hau keke, hob yana rataye ne a jikin wayoyin sama. Awon da aka yi ya nuna wani abu dabam, kuma injiniyan nan na Amurka, Jobst Brandt, ya yi masa cikakken bayani a littafinsa kan ƙafar keke da ya fito a 1981. Idan nauyi ya sauka, wayoyin sama da na gefe kusan ba sa jin wani canji. 'Yan wayoyin da ke ƙasa, daidai inda taya ta taɓa hanya, su ne ke sassautawa kaɗan. Da ƙafa ta mirgina sai su koma ɗaurinsu, na bayansu su karɓa. Muddin ɗaurin da aka yi musu ya fi nauyin da ya sauka a kansu, ba za su taɓa saki gaba ɗaya ba, ƙafa kuma ba za ta girgiza ba.

Nan ne dalilin da ya sa sakwarkwacewa ce ke kashe ƙafa. Taya mai inci 28 tana yin juyi wajen 450 a kowace kilomita. Sifok ɗin da bai ɗauru ba zai saki ya kama, ya saki ya kama, sau 450 a kilomita guda. Notinsa ya riƙa kwancewa a hankali, gwiwarsa ta riƙa motsi a hujin hob har ƙarfen ya gaji ya karye. Shi ya sa yawancin sifok a gwiwa suke karyewa. Da ɗaya ya karye, kayansa ya koma kan maƙwabtansa, su ma su bi sahu. Gwani ya san wannan ko bai taɓa buɗe littafi ba. Da ka kawo masa ƙafa mai karyayyen sifok ɗaya, sai ya bi sauran duka yana latsawa, don ya san ba banza ya karye ba.

Ba a kai ga wannan dabara a dare ɗaya ba. George Cayley, Baturen Ingila da ke neman ƙafa marar nauyi don na'urar tashi sama da yake ƙoƙarin ƙerawa, ya zana ƙafa mai aiki da ja tun 1808. A 1869 Eugène Meyer ya yi rajistar ƙafar keke mai wayoyi a birnin Paris. Sai James Starley na Coventry, wanda a 1874 ya kawo abin da har yau ake bi: maimakon wayoyi su fita kai tsaye daga cibiya zuwa rim, sai su fita a karkace suna gittawa da juna. Da wannan, idan aka taka feda hob ya murɗa, rabin wayoyin sun riga sun fuskanci inda za su ja rim ya biyo. Ɗan ɗan'uwansa, John Kemp Starley, ya fito da keken Rover mai sarƙa a 1885, wanda ya kawo ƙarshen kekunan nan masu ƙatuwar ƙafar gaba da ake faɗowa daga kansu a ji ciwo. Bayan 'yan shekaru kuma wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya sa wa keken ɗansa taya mai iska. Daga nan ƙafar keke ta kama siffar da muka sani.

Saƙa

In za a haɗa sabuwar ƙafa, mai gyara kan zauna a benci da rim a cinya, hob a hannu, wayoyi a ɗaure a gefe. Abu na farko shi ne tsawon sifok, domin bambancin milimita 2 ko 3 ya isa ya ɓata aiki. In ya yi gajere, zare kaɗan ne zai kama noti. In ya yi tsawo, zai leƙo ta cikin rim ya huda tib, ko zare ya ƙare tun ɗauri bai kai ba.

Ƙafa mai sifok 36 kashi huɗu ake raba ta, tara-tara. Taran farko ana zura su a faifai ɗaya, ana tsallake huji ɗaya, a rim kuma ana tsallake uku a sa a na huɗu. A juya ƙafa a yi wa ɗaya faifan haka. Sannan a murɗa hob, wayoyin nan 18 su kwanta gefe guda. Ragowar 18 kuma sai su bi ta ɗaya fuskar, kowanne ya gitta uku: ya bi ta bayan na farko da na biyu, ya kutsa ta ƙarƙashin na uku. Wannan kutsawa ce ke sa wayoyi su dafa wa juna. Ƙafar baya mai sifok 40, irin ta tsoffin kekunan Ingila, gitta huɗu akan yi mata.

Akwai wata alama da ake gane aikin gwani da kallo ɗaya. Ka duba wajen bawul. In wayoyin da ke gefensa biyu sun tashi kusan a jere, sun bar fili yadda bakin famfo zai shiga ba takura, to wanda ya saƙa ƙafar ya lissafa tun daga sifok na farko. In kuwa sun gitta a saman bawul ɗin, an fara saƙa ba a duba ba.

Saiti

Saƙa yaron shago mai kai yakan koya cikin 'yan kwanaki. Saiti ne ke cin shekaru.

A manyan shagunan ƙasashen waje akwai ƙarfe na musamman da ake ɗora ƙafa a kai, da agogon auna ɗauri. Mai gyaranmu na bakin kasuwa, a gindin darbejiya, keken kansa yake kifewa, sirdi da hannu a ƙasa, ƙafafu a sama. Ya ɗauki guntun alli ya dafa hannunsa a jikin fok don kada ya motsa, ya kaɗa ƙafa, ya riƙa matso da allin a hankali har ya fara shafar rim. Inda alli ya bar zane, nan rim ya kauce. Wani ko allin ba ya nema, babban yatsansa yake kafawa, fatar yatsan ta gaya masa.

In rim ya kauce hagu, sai ya ƙara wa wayoyin da ke zuwa faifan dama ɗauri, ya sassauta na hagu daidai gwargwado. Ba ya yin juyi cikakke. Kwata yake yi, wani lokaci rabin kwata, kuma ba a sifok ɗaya ba: na tsakiyar zanen ya fi samun juyi, na gefensa su sami ƙasa da haka, don gyaran ya baje. Ya goge alli, ya sake kaɗawa, ya sake dubawa. In ƙafa tana tsalle ne, wato wani wuri ya fi tudu, sai ya ɗaure na dama da na hagu tare a wurin, rim ya shigo ciki. Wahalar ita ce kowane noti da ka taɓa yana shafar dukan abubuwan nan lokaci guda, gefe da tudu da ɗauri. Mai gaggawa yakan gyara nan ya ɓata can, ya yi ta bin karkata tana gudu har ya cinye kan noti.

Miƙewar rim kuma ba ita ce ƙarshen magana ba. Ana iya samun ƙafa ta miƙe sambal alhali wasu wayoyi sun ɗauru kamar za su tsinke, wasu kuma suna lilo. Irin wannan ƙafa ba ta kai mako biyu. Shi ya sa za ka ga gwani yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ƙyasta su da farce, ya karkata kai yana saurare, kamar mai gurmi yana gwada tsirkiya. Wayoyin gefe ɗaya ya kamata su yi murya ɗaya. Wanda ya yi ƙasa a ƙara masa, wanda ya yi sama a rage, sannan a sake neman miƙewa.

Daga ƙarshe sai ya kama wayoyi bibbiyu ya matse da dukan ƙarfin hannunsa, ya zagaye ƙafar. Wani ya kwantar da ita a kan katako ya danna rim da tafukansa. Za ka ji tana ƙas-ƙas. Wayoyin da suka murɗe wajen ɗauri ne ke warwarewa, gwiwoyi kuma suna zama daram a hujinsu. In ba a yi haka a shago ba, a kan hanya za ta yi wannan ƙara, saitin kuma ya tafi. Gwani yakan ce wa yaronsa, “Kai, kar ka ba mutum ƙafar da ba ta gama kuka ba.” Bayan matsa sai a sake saiti, a sake matsa, har ta yi shiru.

Hob ma da nasa. Na gaba yakan ɗauki ƙananan boris goma a kowane gefe, na baya tara masu ɗan girma. Ana jera su cikin giris, a murɗo noti mai tsinin da ke danne su. In an matse da yawa, ƙafa ta yi nauyi, boris ya ci kwanonsa. In an sassauta, ta yi ta kaɗawa. Tsakanin biyun ɗan wuri ne ƙanƙane. Wanda ya same shi, in ya ɗaga ƙafa ya sake ta, nauyin bawul kaɗai ya isa ya juyo da ita a hankali har bawul ɗin ya sauko ƙasa.

Kowace ƙafa da halinta

Ƙafar da ƙasar Hausa ta fi sani ita ce ta baƙin keke mai birkin sanda, irin Raleigh na Nottingham, wanda ya karɓu har aka kafa masana'antarsa a Kano, da Phoenix na Sin, da Hero na Indiya. Rim ɗinta na ƙarfe ne mai faɗi, samfurin da ake kira Westwood. Yana da nauyi, amma yana jure duka, in ya lotsa kuma ana iya buge shi ya dawo. Birkin sanda yana jan roba sama ne ta kama cikin rim, saboda haka a wannan ƙafa tsalle ya fi karkata illa: in ba ta zagaye daidai ba, birki zai riƙa kamawa yana saki. A kekunan da birkinsu ke matse rim ta gefe kuwa, karkata ce babbar matsala. Masu dakon kaya sukan sa a saƙa musu ƙafar baya da sifok mai kauri, har da wanda ya haura milimita 2 da rabi.

Kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai da Japan sun zo da rim na alminiyom, wanda bai kai ƙarfe nauyi ba, ba ya tsatsa, birki kuma ya fi kama shi in an yi ruwa. Tun 1934 aka ga amfaninsa, lokacin da Antonin Magne ya ci tseren zagaye Faransa a kan rim ɗin alminiyom na kamfanin Mavic. Akwai mai bango ɗaya, akwai mai bango biyu wanda cikinsa kamar bututu yake, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai alminiyom ba ya son a buge shi, in ya lotsa sosai tsagewa yake yi.

Keke mai giya da yawa yana da wata wahala a ƙafar baya. Tarin haƙoran giya sun cinye wuri a dama, sun tura faifan hob ciki. Don rim ya zauna a tsakiyar keke, dole wayoyin dama su miƙe tsaye su ɗauru sosai, na hagu su kwanta da ɗauri kaɗan. Wanda bai san haka ba, ya ce zai daidaita muryar gefen biyu, zai janye rim gefe guda, keke ya riƙa tafiya a karkace. Haka nan ƙafa mai birkin faifai tilas a saƙa ta da gitta, domin a hob birki yake kamawa, wayoyi ne ke kai tsayawar ga taya. Saƙa ta kai tsaye ba gitta sai a ƙafar gaba mai birkin rim.

A wajen 'yan tsere, iska ce abokiyar gaba. Saboda ita ake yin rim mai zurfi na zaren kabon da 'yan wayoyi kaɗan masu faɗi, har da ƙafa rufaffiya ruf kamar faranti. Da irin wannan rufaffiyar ƙafa Francesco Moser na Italiya ya yi kilomita 51.151 cikin awa guda a birnin Mexico a 1984. Ƙananan kekunan wasan tsalle masu inci 20 kuma akasin haka suke bi, wasu har sifok 48 ake saƙa musu. Tayoyin ma iri-iri ne: mai waya a baki da tib a ciki, wadda kowa ya sani, da wadda ake ɗinke tib a cikinta a manna ta a rim, da marar tib wadda ake zuba wa ruwan gam mai toshe huda.

Awo kuma wani fage ne da ake gane masani. Inci da aka rubuta a jikin taya yana ruɗi. Tayar baƙin keke mai 28 x 1½ tana zama a rim mai milimita 635. Wata tayar Turai da ita ma aka rubuta wa 28, rim ɗinta 622 ne, ba za ta hau wancan ba ko an yi ta fama. Taya mai inci 27 kuwa 630 ce, ta fi wannan ta biyun girma duk da lambarta ta fi ƙanƙanta. Keken hawan dutse mai inci 26 yana da 559. Mai gyaran da ya ƙware ba ya tsayawa kan manyan lambobi, ƙananan da ke gefe yake nema, irin 40-635, inda ta farko ke nuna faɗin taya, ta biyu kuma girman rim.

Haƙƙin mai wannan aiki

Yau injuna ne ke saƙa yawancin ƙafafun da ke fitowa daga masana'antu, amma har gobe ƙafafu mafi tsada a duniya hannun mutum ne ke ƙarasa su, kuma a ƙasashen da ake tseren keke mai wannan sana'a sunansa yake sayarwa. A wajenmu babur ya janye samari da yawa daga rumfar gyaran keke, waɗanda suka rage kuma akan yi musu ciniki kamar aikin nasu ba komai ba ne. Mutum zai biya kuɗin sabon rim ba musu, amma ya tsaya jayayya kan ladan wanda ya shafe awa guda yana mayar da rim ɗin ƙafa.

Ga manomi, da ɗan makaranta, da mai tallan burodi, da malamin da ke zuwa ƙauye koyarwa, keke shi ne abin hawan da ba ya shan mai, lafiyarsa kuma a ƙafa take. Wanda ke da keke, ya riƙa latsa wayoyinsa lokaci-lokaci. In ya ji ɗaya ya saki, ko ya ga rim ya fara shafar birki, ya kai tun ɓarnar tana sifok ɗaya. In ya kai, kada ya tsaya a kan mai gyara yana cewa “Malam, yi sauri,” domin saiti ba ya son gaggawa. Ya biya shi da daɗin rai. Wanda kuma Allah ya ba wannan gwaninta, ya zaunar da yaransa ya koya musu har ƙarshe, kada ya tsaya a faci da canjin taya. Ilimi ne da ba a rubuce yake a rumfunanmu ba, daga hannu yake zuwa hannu, kuma duk garin da ya rasa mai ɗaure ƙafa, kekunansa a jingine za su ƙare.